Ɓatan Wandon Iska

Da safe aka tashi aka ga sandar a tsaye tsirara, babu wandon.

Wandon iska ake ce masa. Wani dogon ƙyalle ne, ja da fari, kamar an yanke ƙafa ɗaya ta wandon ƙato an rataye a kan sandar ƙarfe a gefen filin jirgi. In iska ta shiga ta bakinsa sai ya miƙe ya nuna inda ta dosa, shi matuƙi yake kallo daga sama kafin ya sauko. Filin ma ban da suna ba wani abu ba ne. Ƙasa ce doguwa da aka daɓe, fararen duwatsu a jere hagu da dama, sai rumfar kwano guda. Ƙaramin jirgi ke sauka jefi-jefi, ya kawo likita da magani, ya tafi da wanda ciwonsa ya fi ƙarfin gari. To, an ce za a rufe shi. An gina sabo can bakin babbar hanya, mai kwalta da shinge da fitilu. Jirgi zai zo na ƙarshe jibi, daga nan sai awaki su gaji wurin.

Mai Fili, tun gashinsa yana baƙi yake kula da filin nan. Shi ke korar awaki, ya cike rami, ya fasa gidan gara, ya shafa wa duwatsu farar ƙasa. An yi masa alkawarin za a mai da shi sabon fili da aikinsa, har da ɗaki biyu da famfo. Babu wanda bai sha labarin famfon nan ba a garin.

Mutumin ofis, wanda aka aiko ya karɓi kayan hukuma, ya ɗaga kai ya dubi sandar, ya sauke ya dubi Mai Fili.

"Mutumin da bai iya gadin ƙafar wando ɗaya ba, shi zan damƙa wa fili mai fitila? Baba, in jirgi ya zo jibi sandar nan tana haka, sai ka nemi wata sana'ar."

Mai Fili ya aika a kira masa ƙaninsa.

Shi ƙanin nan Duba-Ƙasa ake kiransa, don tun yana yaro kansa a sunkuye yake tafiya. Mai bin sawu ne. In akuya ta ɓata, ko an yi wa mutum ɓarna a gona, shi ake nema. Ba ya gane mutane da fuska sosai, amma nuna masa diddige a cikin yashi, zai faɗa maka mai shi da abin da ke damunsa a gwiwa.

Ko da ya iso, rabin gari ya riga shi. An tattake gindin sandar kamar an yi rawa.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Ɓarawon ya gode."

Ya tsuguna duk da haka. Sandar nan ba hawanta ake yi ba, santsi gare ta. Akwai wata ƙatuwar ƙusa a gindi, sai a zare ta, a riƙe igiya, a kwantar da sandar a hankali bisa wata gwafa, a kwance wandon, a sake tayar da ita. Wanda bai sani ba, in ya zare ƙusar, sandar a kansa za ta sauka. Wanda ya yi aikin nan kuwa ya kwantar, ya tayar, ya mai da ƙusar, har igiyar ya naɗe tsaf ya rataye.

"Yaya, wa ya iya sauke sandar nan ban da kai?"

"Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan."

Ba a kunne ya faɗa ba, mutane sun ji. Kafin rana ta ɗaga, labari ya kai kasuwa cewa Mai Fili shi ya sace wandonsa. Wasu suka ce baƙin cikin barin filin ne, wasu suka ce ajiye shi zai yi na tarihi. Waɗanda ba su yarda ba kuma kowa ya kama nasa. An ga jan ƙyalle da fari a shagon tela. An ga sawun makiyayi a filin. An ga motar direba a can da marece.

Duba-Ƙasa ya fara da tela.

Ya same shi yana taka keke, ja da fari kuwa ga su nan tuli a ƙasa.

"Rigunan 'yan ƙwallo ne," in ji tela, bai ko ɗago ba. "Taɓa ka ji. Sabo ne fil."

"An ce ka taɓa tambayar Yaya ko za a bar wandon in an rufe."

"Na tambaya. Hannuna nake so in sa a ciki in ga yadda suka yi ɗinkin bakin, da ba ya yagewa. Amma ƙyallen? Wannan da rana ta cinye? Ko keken nan ba zan goge da shi ba."

Duba-Ƙasa ba ƙyallen yake kallo ba, takalman tela yake kallo a ƙarƙashin keke. Ƙasar filin jirgi ja ce, tana kama takalmi ba ta saki. Na tela babu komai sai zare da baƙar ƙasar kasuwa.

"Kai ƙafarka ba ta wuce shagon nan da gidanka."

"Da mai shayi," in ji tela. "Kar ka rage mini yawo."

Makiyayi yana bakin rafi. Da ya hango mai bin sawu sai ya soma rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Tsaya, ban zo karɓar rantsuwa ba. Ka shiga filin da asuba, daga ƙarshen gabas, da awakinka. Ɗaya tana ɗingishi."

"Ƙaya ta taka." Ya sosa ƙeya. "Ciyawar ƙarshen can ce. Tunda dai za a bar mana, na ce bari su fara sanin hanya."

"Gado tun mai shi bai mutu ba."

"Ai ya kusa. Amma sandar, wallahi ko da na zo a tuɓe na same ta. Ni ina ruwana da wando? Akuya ba ta cin sa. In kana neman mai zuwa wurin ba dalili, ka tambayi direba."

Direba yana kwance a ƙarƙashin motarsa, ƙafafunsa kawai ake gani, wanda kuwa ya ishi Duba-Ƙasa.

"Birki na gyara," muryar ta fito daga ƙasa. "A duk ƙasar nan ina ka san wuri miƙaƙƙe da mutum zai gwada birki in ba filin yayanka ba? Na je na dawo, na je na dawo, wando yana sama yana ta kaɗawa."

"Ka tsaya kusa da rumfa."

"Ba ni na tsaya ba, ita ta tsaya." Ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai. "Kai, yi tunani mana. In an koma sabon fili, wa zai riƙa kwasar marasa lafiya zuwa can? Ni nan addu'a nake a rufe lafiya a tashi lafiya. Ka je ka tambayi na gida. Sandar nan mutum ɗaya take yi wa biyayya."

Wannan maganar ita ta raka shi har gidan wansa. Ya tarar da Mai Fili a zaune a tsakar gida, an ajiye masa abinci ƙuda yana ci. Matar Yaya ce ta fito da buta da kofi. Tsakaninta da ƙanin mijin nan wasa ne tun ranar da ta shigo gidan.

"A'a, ga mai neman allura. An samo?"

"Wando nake nema, matar Yaya. Ko za ki ba ni na mijinki in rataya?"

"Nasa ai iska ba ta tsaya a ciki, duk huji ne. Sha shayi."

Ya duba ɗakuna. Tukwane suna inda suke, gado a shimfiɗe.

"Ba a fara ɗaure kaya ba?"

"Wa ya ce mini in ɗaure?" ta ce, ta koma madafa.

Ya matsa kusa da wansa, ya rage murya. "Yaya, mu biyu ne. In kai ne, faɗa mini, in san inda zan bi da sawun."

Mai Fili ya dube shi, irin kallon da ya yi masa ranar da ya fasa tulun uwarsu.

"Ni da nake ƙirga kwanakin famfo?"

Duba-Ƙasa ya ji kunya, ya shanye shayin da zafinsa ya fita.

Mai bin sawu ba ya son tsakar rana, komai a shafe yake. Sai rana ta karkata, inuwa ta kwanta a cikin kowane ɗan rami, sannan ƙasa take buɗe baki. Da la'asar sakaliya ya koma filin shi kaɗai. Ya bar gindin sanda da mutane suka ɓata, ya riƙa zagaye yana faɗaɗa da'ira, har ya bi ta bayan rumfa, inda wata 'yar siririyar hanya ta ratsa ciyawa ta nufi gari.

Nan ya tsaya. Babu sawu a hanyar, ko ɗaya. An share ta.

Wannan bai ba shi mamaki ba. Ɓarayi da yawa suna jan reshe a bayansu su shafe ƙafa. Amma wannan ba jan reshe ba ne. Tsintsiya ce, gajera, kuma an yi sharar baya-baya, zane bisa zane, kowanne ya ɗan hau kan ɗan'uwansa kamar ɓawon kifi. An bi gindin ginshiƙan rumfa an fito da datti, wurin da ƙafar ɓarawo ba ta ma taka ba. Ya bi zanen a hankali, abin yana ƙara ba shi sha'awa, har ya kai bayan fararen duwatsu. Can ya ga an tara sharar wuri ɗaya, ganye da kashin awaki da guntun sigarin direba, an yi 'yar tsibi, an ɗora dutse a kai don kar iska ta watsa.

Ya zauna a ƙasa ya yi dariya shi kaɗai. Ɓarawo ya zo shafe sawu, hannu ya ƙi bari sai da ya gyara wuri.

Ya sake duban zanen. Duk bakansu hagu ya lanƙwasa. Ya karya ciyawa ya gwada da damansa, nasa ya lanƙwasa ɗaya gefen. Da hagu aka yi sharar nan.

To, ga inda abin ya tsaya masa. Mutumin nan ya san tafiyar kowane jaki a garin, ya san wace tsohuwa ce take jan ƙafa, amma a rayuwarsa bai taɓa tsayawa ya kalli mace tana shara ba. Shi dai yana tashi ya ga tsakar gida fes, kamar haka Allah ya halicce ta.

Washegari da sassafe aka ga Duba-Ƙasa yana bin ƙofar gidaje, hannu a baya, yana leƙen inda aka share.

"Lafiya, Duba-Ƙasa? Ko mata za ka ƙara, kake duba mai tsabta?"

"Wadda nake da ita ma ban gama karanta ta ba."

Na matar tela dama. Na gidan direba ba a ma share ba. Na gidansa shi kansa, da ya koma ya duba, dama. Ya bar gida ɗaya sai ƙarshe, ƙafarsa tana ta kauce masa. Da ya je, ya tsaya a ƙofar wansa ya daɗe. Bai shiga ba.

Kafin azahar ya tara su a rumfar filin: mutumin ofis da kujerarsa, Mai Fili, tela, makiyayi, direba, da 'yan kallo da ba a gayyata ba. Ya aika a ce wa matar Yaya ta taimaka da ruwan sha, baƙo yana jin ƙishi. Sannan ya watsa ganye da yashi a daɓen rumfar, ya fito da wata gajerar tsintsiya.

"Kowa zai share mini nan."

"Ni wando na aiko ka nema, ba mai shara ba," in ji mutumin ofis.

"Ranka ya daɗe, hanyar ke nan."

Tela ya karɓa da yatsa biyu kamar allura, ya ɗan tsokani ƙasa. Makiyayi ya riƙe ta kamar sanda, ya yi ta dukan ganye suna tashi suna sauka inda suke. Direba ya yi ta gaba-gaba, yana taka abin da ya share, ya tura ƙurar duka kan takalman mutumin ofis. Mai Fili, wanda ya saba da dogon manjagara a tsaye, da ya sunkuya sai bayansa ya ƙi, ya tsaya a nan kamar mai neman kuɗin da ya faɗi.

Matar Yaya ta iso tun a kan direba. Tana tsaye da tulu, tana kallo, bakinta yana motsi. Ta ajiye tulun. Ta ɗauke kai. Ta sake kallo. Da mijinta ya tura datti ƙarƙashin benci, sai abin ya fi ƙarfinta.

"Ba ni nan, don Allah. Maza huɗu."

Da dama ta karɓa, don da dama take ci, da dama take miƙa wa mutane abu, an dake ta a kan haka tun tana ƙarama. Amma tana sunkuyawa tsintsiyar ta koma hagu da kanta. Ta buga gindinta a tafin hannu, ta fara daga lungu, baya-baya, zane bisa zane. Ta bi gindin ginshiƙai. Ta tara wuri ɗaya. Tana waige-waigen dutsen da za ta ɗora a kai ne idonta ya haɗu da na ƙanin mijinta.

Ta miƙe a hankali.

"Kai dai ba ka da kirki," ta ce.

"Da kin bar sharar a watse, matar Yaya, da yanzu ina can ina zargin jaki."

"In bar wuri haka? Ka ga yadda bayan rumfar nan ya koma?"

Mai Fili har yanzu bai gama miƙewa ba. "Ke? Ke kika iya sauke sandar?"

"Wa yake riƙe maka igiya duk shekarun nan? Aljani?"

"To don me?"

Ta juya tsintsiyar a hannu. Ba ta dubi mutumin ofis ba, ba ta dubi 'yan kallo ba.

"A bakin matar wanzami na ji za mu tashi. Ka faɗa wa wanzami, ka faɗa wa mai shayi, ka faɗa wa wannan mai awakin. Famfo, famfo. Ni da na haƙa lambu a bayan gida da hannuna, na dasa lemo ina ɗebo masa ruwa daga rafi, bana ya fara fure, ba wanda ya ce mini, ke za ki je? Na ce to, bari in ga in babu wando ina za a je."

Tela ne ya fara magana, a hankali. "Ina fata dai ba ki yanka shi ba."

"Yana cikin buhun gero. Na wanke shi, na kama inda ya yage. Abin kunya ne a ce baƙi suna kallon wannan daga sama."

Mutumin ofis ya kaɗe ƙurar takalminsa. Da gani yana son ya yi fushi, bai dai san ta inda zai kama ba.

"Ni ba alƙalin gida ba ne. A mai da wando kan sanda yau. Baba, aikin yana nan in kana so, amma ka faɗa mini yanzu, zuwa ko ba zuwa."

Mai Fili ya buɗe baki, kowa ya san abin da zai fito. Sai ya rufe. Ya juya wajen matarsa, mutumin da bai taɓa tambayar kowa komai ba sai ina iska ta dosa.

"Za ki je?"

"A nan? Gaban direba?" Ta ɗauki tulunta. "Ka zo gida ka tambaya."

Mutumin ofis ya ce ya ba su zuwa tashin jirgi, ba ƙari.

Da marece aka tayar da sandar, ita ce ma ta riƙe igiyar. Gari kuwa ya rabu biyu, masu cewa za su tafi da masu cewa ta ci shi. Aka yi ta zuwa wajen Duba-Ƙasa, wai shi ne na gida. Ya ce shi sawu yake bi, ba ya bin bakin mata da miji.

Amma abin yana cinsa shi ma. Ranar jirgi, rana tana fitowa, mutane suna ɗunguma zuwa fili da yara a kafaɗa, shi sai ya zaga ta bayan gidan wansa.

Sawu biyu sun fito daga ƙofar baya sun shiga lambu. Sun daɗe a tsaye gaban babban lemon mai fure, har diddige ya nutse. Wannan ba a taɓa shi ba, an ma zuba masa ruwa. Gaba kaɗan, inda ƙananan dashe suke, akwai ramuka sababbi, an haƙa su da faɗi yadda za a ɗauke saiwa da ƙasarta. Daga nan sawun suka nufi inda direba yake ajiye mota.

Can sama ya fara jin ƙugin jirgin. Bai ɗaga kai ba. Ya tsuguna ya duba da kyau. Sawun Yaya ya nutse ƙwarai, taku gajere-gajere, na mutumin da aka ɗora wa kaya har wuya. Nata kuwa yana gaba, sakayau, ba ta ɗauki komai ba.